Akwatin ƙwayoyi na mako ko takardar ranaku: wanne ya fi wa Inna?

Ƴar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce an dawo da ita Maradi daga Yamai da maganin ciwon daji capecitabine, ga ta da mantuwa, kina tambaya ko ki sayi akwatin nan mai gida bakwai ko ki tsaya kan takarda.

Akwati ya dace da maganin da ake sha kullum ba fashi, irin tamoxifen, maganin ciwon dajin nono: ƙwaya ɗaya ta 20 mg a rana, shekara 5 ko fiye. A leƙa gidan Talata, in wayam ne to an sha. Ko wadda ba ta yi boko ba za ta gane.

Capecitabine kuwa kwana 14 ake shanta, safe da dare, a huta kwana 7. Akwati bai san hutu ba. Wanda ya saba cika shi duk Juma'a zai cika har makon hutun, daga nan zawo, gyambon baki da ɗayewar tafin hannu da ƙafa su tsananta. Ga shi ƙwayar iri biyu ce, 500 mg da 150 mg. Da an ɓare su daga ledarsu sai a rikice. Zafin bazarar Maradi ma ya wuce digiri 30 da aka ƙayyade wa ajiyarta, don haka a bar ta cikin kwalinta a ɗaki mafi sanyi, nesa da jikoki.

Mu takarda muka zaɓa wa Inna. Ki zana gida 21, ki raba kowanne safe da dare, ki soke bakwai na ƙarshe da jan biro. Mutum ɗaya zai riƙe ta, kuma sai Inna ta haɗiye za a sa alama, don tsofaffi sun iya ƙulle ƙwaya a bakin zane su ce "anjima". Kar ki dogara da ƙararrawar salula kaɗai, caji kan ƙare. Ki ɗaura shan da kunun safe da tuwon bayan magariba, cikin minti 30 da gama ci, da ruwa. Ba a dakawa, ba a tsagawa. Mai ciki kar ta taɓa ƙwayar.

In an tsallake lokaci ko ta yi amai, kar a ninka na gaba. In zawo ya ƙaru sau 4 kan yadda ta saba a rana, ko zazzaɓi ya shigo, ki dakatar ki kira lokotoronta nan take.