Gem ɗin besbol na bana: dala 70 na biya, ɓacin rai na samu

Duk ƙarshen hunturu, kafin a buɗe kakar wasa, nakan sayi sabon gem ɗin besbol, bana ma ban yi fashi ba. Daren farko har yabonsa na yi ta yi. Sun zana filin Yankee yadda yake, kai ka ce yanzu ka sauko daga jirgin ƙasa mai lamba 4 a titi na 161 ka kutsa cikin jama'a. Jifa ma ta yi daɗi a hannu, in ka makara wajen sakin ƙwallo sai ta kauce maka yadda take yi wa majefi na gaske. Mu 'yan zango da ke zaune a Bronx akasarinmu ƙwallon ƙafa muka taso da ita, ni kuwa besbol ta shiga raina tun zamanin Derek Jeter da Mariano Rivera a ƙungiyarmu ta Yankees, don haka ba baƙon wannan harka ba ne ke magana.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne wani daren Juma'a bayan na taso daga aiki. Na shiga gasar intanet, aka haɗa ni da wani da ya cika ƙungiyarsa da katunan manyan 'yan wasa, irin waɗanda ko dai ka kwana kana bugawa ko ka zuba kuɗi kafin ka same su. Na daure, muka yi ta gumurzu har zagaye na tara, ina da 3 yana da 2. Na sako Rivera ya rufe wasa, mutumin da ya tsare nasara sau 652 a rayuwarsa ta gaske. Na fitar da mutum biyu, ɗaya na tsaye a bes na biyu, mai bugu ya yi kuskure sau biyu, saura jifa guda in tashi da nasara. Tafin hannuna har ya jiƙe a jikin fad, wato abin sarrafa gem ɗin. Na zaɓi jifar nan tasa mai yankowa ciki, na danna, sai hoto ya daskare. Rivera ya ɗaga ƙafa ya tsaya cak, ihun 'yan kallo na ta fita daga talabijin, amma babu abin da ke motsi.

Masu buga gem ɗin sun san sauran zancen. In ya daskare haka, wanda ya fara fita shi ake rubuta wa faɗuwa. Wato an bar besbol ke nan, an koma gasar wa ya fi wani taurin kai. Na ajiye fad na zauna. Na yi shayi na shanye, hoton na nan yadda yake. Uwargida ta leƙo falo ta ce, "Maigida, wai har yanzu? Ba ka da aiki gobe ne?" Ina da shi kuwa, da sassafe ma. Da dare ya raba na haƙura na kashe. Washegari na tarar an rubuta mini faɗuwa, an zaftare makin da na tara, katin ladan da nake dab da samu ya yi nisa. Na rubuta wa sashen koke, amsar da ta zo irin wadda ake tura wa kowa ce, wai in duba intanet ɗina. Da waya na jona na'urata, ba ta iska ba, kuma a daren babu abin da ya yanke a gidan. Wannan matsala ba yau aka fara kuka da ita ba, shi ya sa ta fi ƙona mini rai.

Da na huce na ce bari in yi adalci, in ba shi tauraro uku saboda daɗin jifa, in koma ɓangaren riƙe ƙungiya inda babu ruwana da sabar intanet ɗinsu. Nan ma sai wani takaicin ya taso. Miyar bara ce aka ɗumama aka sake zubo mana. Kwamfuta na musayar 'yan wasa kamar ba ta san darajarsu ba, tauraronta take sallamawa a kan 'yan benci, kafin ka gama wasanni 162 na shekara guda gasar ta daina kama da MLB, babbar gasar besbol ta Amurka. Duk ƙarfinsu sun kai shi wajen katuna da fakitin sa'a, inda kuɗi ke shigowa.

Abin ya fi ciwo ga wanda ya buga MVP Baseball 2005 na EA Sports, mai hoton Manny Ramirez a bango. Ɗan ƙungiyar Red Sox ne a lokacin, kuma raunin 2004 bai warke mana ba mu magoya bayan Yankees, sun taso daga 0 da 3 sun fitar da mu, amma haka na saya. A ciki kana iya gina filinka, ka yanka kuɗin tikiti, ka reni yaro tun daga ƙananan rukunai har ya iso babbar gasa. Ƙwallo kan canza launi a hannun majefi don ka koyi karanta jifa. Sau ɗaya ka biya, komai na cikin faifai. A 2005 wani kamfani ya ƙulla yarjejeniyar lasisi da ta rufe wa EA ƙofa, shi ma nasa gem ɗin daga na 2013 bai sake fitowa ba. Tun da gasa ta mutu tsakanin masu ƙera su, babu mai tsoron mu gudu zuwa wani wuri. Har yau akwai masoya da ke sabunta sunayen 'yan wasan MVP a kwamfuta da hannunsu, ba tare da ko sisi ba.

Tauraro biyu na bayar, kuma jifa ce ta ci su. Jiya ɗana ya zo yana cewa, "Baba, a saya mini fakiti ko zan dace da katin Ohtani." Na ce masa a'a, kuma na cire katin bankina daga na'urar a gabansa.