Kallon Yankees a Bronx ba tare da kebul ba: nawa ya ci mini?

Duk wanda ke zaune a New York yake shirin yanke kebul ɗin gidansa, kuma yana da masu son besbol a gidan, ya tsaya ya yi lissafi tukuna. Ni na yanke nawa kafin kakar 2024, na koma kallo ta manhajar YES, tashar da ke nuna mafi yawan wasannin Yankees. Manhajar ta yi mini aikin da na saye ta dominsa. Sai dai ba ita kaɗai za ka biya ba, kuma a nan kuɗin suke tafiya.

A Bronx muke, inda 'yan uwanmu daga Ghana da Nijar da Najeriya suke da yawa, kuma daga unguwarmu zuwa filin Yankees da ke titi na 161 ba wata tafiya ba ce a jirgin ƙasa. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne tun asali, yarana ne suka jawo ni cikin besbol. A kakar wasa ɗaya ƙungiya tana buga wasa 162, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Ba wanda zai iya sayen tikitin iyali na ko da kwata na wannan, dole a gida za a kalla.

A Maris na 2023 YES ta fara sayar da kallo kai tsaye ga wanda ba shi da kebul, dala 24.99 a wata ko 239.99 a shekara. Na zaɓi na wata-wata, tunda daga Oktoba zuwa Maris ba besbol a tashar, sai ƙwallon kwandon Brooklyn Nets, wanda ba ya gabanmu. Wata shida ya kama kusan dala 150. Hoto tas, masu sharhin su ne dai waɗanda aka saba ji a kebul, ana nuna shirin kafin wasa da na bayansa, kuma tana buɗewa a talabijin da waya. Wannan na wayar ya fi komai yi mini amfani, don ranar da aiki ya tsare ni a waje ina iya leƙa zagayen ƙarshe. Abu ɗaya da ya kamata ka sani game da kallo ta intanet, kowace manhaja ce: hoton yana zuwa a baya kaɗan. Wani lokaci sai ka ji ihun maƙwabci mai kebul ko rediyo kafin ƙwallon ta bar hannun mai jifa a naka allon.

Yanzu ga inda lissafin yake karkacewa. An raba haƙƙin nuna wasannin kamar naman layya, kowa da kasonsa. Amazon tana da wasanni kimanin ashirin a kaka, akasari ranar Laraba, kuma ba sa fitowa a YES. Kuɗin Prime, wato rajistar Amazon da ake kallonsu da ita, dala 14.99 ne a wata, wato wata shida kusan dala 90. Apple tana da wasannin daren Juma'a tun 2022, kuma idan Yankees ta faɗo a jadawalinta, can kawai za ka gan ta. A 2024 dala 9.99 ne a wata. Daren Lahadi kuma na ESPN ne a wannan kakar, wadda sai ka sayi wani kunshin tashoshi irin Sling, kusan dala 40 a wata. Kuma abin takaicin, manyan karawa irin na Yankees da Red Sox, waɗanda yara suka fi ɗoki, su ne tashoshin ƙasa baki ɗaya suka fi ɗauka. Tsakanin YES da Prime kaɗai an kai dala 240, kafin a taɓa sauran, kafin kuma kuɗin intanet ɗin gidan.

Wani zai ce ai akwai MLB.tv, manhajar babbar gasar besbol ɗin kanta, dala 149.99 a shekara, duk ƙungiyoyi talatin. Kada ka saya don ƙungiyar garinku. Dokarsu ita ce a toshe maka wasannin ƙungiyar yankin da kake zaune yayin da ake bugawa, sai kimanin minti 90 bayan an tashi a buɗe maka. Dalili kuwa shi ne an riga an sayar wa tashoshin yanki haƙƙin wannan yankin, su kuma da kuɗin kebul suka dogara. Sakamakon haka, mutumin da ke Texas yana kallon Yankees cikin sauƙi da rahusa fiye da yaron da ke hango fitilun filin daga tagar ɗakinsu. Wannan tsari ba ya kwanta mini ko kaɗan. Mutanen jihar Iowa ma sun fi mu shan wahala: ba su da babbar ƙungiya ko ɗaya a jiharsu, amma ƙungiyoyi shida aka toshe musu.

Ba ni kaɗai ke wannan kuka ba. A Satumban 2022, lokacin da Aaron Judge, ɗan wasan Yankees, yake dab da kamo tarihin Roger Maris na 1961, na bugun tsallake katanga 61 a kaka ɗaya, wasan Juma'a da Red Sox ya faɗa hannun Apple. Har sai da babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta fito ta nemi a bar YES ma ta nuna shi. Kyauta aka nuna wasan a Apple a lokacin, amma bai fito a YES ba.

Abubuwa biyu ne suka rage mana zafi. Na farko eriyar ɗaki, wadda sau ɗaya ake sayenta: da ita ake kama Fox kyauta, kuma a nan muka kalli wasannin ƙarshe na 2024, inda Dodgers ta doke mu da wasa 4 da 1. Zagayen da suka gabaci wannan kuwa a TBS aka nuna su, sai da na biya wata guda na musamman saboda Oktoba. Na biyu rediyo. WFAN, a mita 660 AM da 101.9 FM, tana kawo kowane wasa ba ko sisi, kuma besbol wasa ne mai tafiya a hankali da ya dace da kunne. Duk ranar da wasa ya faɗa inda ba mu biya ba, rediyon muke kunnawa a falo.

A ƙarshen 2024 an haɗa YES da tashar wasanni ta MSG a manhaja ɗaya mai suna Gotham Sports, inda kunshin duka biyun ya fara a dala 41.99 a wata. Wannan kunshin na wanda yake bin Knicks (ƙwallon kwando) da Rangers (hokin ƙanƙara) ne bayan besbol. Idan besbol kawai kake so, ɗauki na YES shi kaɗai, wata-wata, ka dakatar da shi da zarar Satumba ta ƙare. Prime kuma sai in dama kana da shi saboda sayayya. Ni ba zan buɗe shi don wasa ashirin kawai ba.