Na'a-na'a don ciwon jiki: ganye, tataccen mai ko man zafi?

Manomin da ya yini a duƙe cikin gero, da ɗan kabu-kabun da ya sha hanyar Dan Isa, idan dare ya yi abin da za su murza a ƙugu da kafaɗa suke nema. Sai a ce musu na'a-na'a. To, wacce?

Wadda ake sayarwa ƙulli-ƙulli a babbar kasuwar Maradi don shayi, galibi ba ita ce ake nufi ba. Ƙamshi gare ta, amma sinadarin mentol ɗinta kaɗan ne ƙwarai, alhali shi ne mai aikin: yana taɓa jijiyoyin fata masu jin sanyi, sai zogin ya lafa na ɗan lokaci. Ganye dai a bar shi a buta.

Akwai wata irin na'a-na'a mai yaji, ita ce ake tatso mai daga cikinta, kuma mentol ɗin man yakan kai kashi 30 zuwa 55 cikin ɗari. Idan za ka saya a farmasi, duba jikin kwalba ka ga an rubuta Mentha piperita ko menthe poivrée. Kwalbar ta zama ta gilashi mai duhu, don rana na lalata shi. Wanda aka ɗura a roba ba suna ba kwanan wata, ana shanya shi a kan tebur cikin zafin watan Afrilu, sau da yawa turare ne kawai. Na gaske yana da tsada, amma yana daɗewa, tunda ba a shafa shi tsura. Ɗigo biyu ake sawa a ƙaramin cokali na man kaɗe ko man gyaɗa, wanda ba mu rasa shi a nan. A fara gwadawa a damtse, a ga ko fata za ta yi ja.

Sai man zafi irin su Robb da Aboniki da ke shigowa ta Jibiya. Ga araha, ga shi an riga an haɗa. A ganina, mai ciwon gajiya wannan ya fi masa. Sai dai ban da mentol akwai kafur a ciki, da wani sinadari ɗan'uwan asfirin. Wanda asfirin ba ya karɓarsa, ko mai shan maganin tsinka jini, gara ya koma ga tataccen man. Mai ciki ta fara tambayar ungozoma.

Kowanne ka ɗauka, ban da kan rauni, ban da kusa da ido, kuma kada a shafa a bi da gashi da ruwan zafi ko a ɗaure tamau, fata na iya ƙonewa. Jarirai kuwa kada a kai shi fuskarsu ko ƙirjinsu, yana iya sarƙe musu numfashi.

Ciwon jikin da ya zo da zazzaɓi, musamman da damina, a je a auna jini tukuna, wataƙila na cizon sauro ne. Haka mai amosanin jini da ciwonsa ya tashi, ko ƙwaurin da ya kumbura shi kaɗai yana zafi: asibiti za a nufa, kada a murza.