Motown ko Stax: amsa ga mai tambaya kan fayafayen mahaifinsa

Ɗan'uwa, ka ce cikin kayan marigayi mahaifinku (Allah ya jiƙansa) kun tarar da akwati cike da fayafayen garmaho, wasu an buga musu Motown, wasu Stax. Kana tambaya ko duk kanwar ja ce, in kuma ba haka ba, wanne ya fi. To, ba ɗaya ba ne. Dukkansu kamfanonin waƙa ne na Amurka da suka yi tashe a shekarun 1960 da muryoyin baƙar fata, amma kowane da yadda yake haifar waƙarsa.

Ɗauki faifai ɗaya ka duba ƙarƙashin sunan waƙar. Za ka ga wasu sunaye da ƙananan baƙaƙe cikin baka. Su ne suka tsara waƙar, kuma sau da yawa ba su ne suka rera ta ba. Mu da muka saba da irin su Shata, mai ƙirƙirar waƙarsa da bakinsa a gaban jama'a, abin yakan zo mana baƙo. A can kuwa rubuta waƙa sana'a ce mai zaman kanta, kuma a nan ne bambancin kamfanonin biyu ya fi fitowa.

Motown na birnin Detroit ne, garin ƙera motoci. Berry Gordy ya kafa shi a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa. Ya taɓa aiki a masana'antar mota, ya ga yadda ƙarfe ke shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan yana sheƙi, sai ya ɗauko tsarin ya dasa a kan waƙa. Marubuta na ɗakinsu, makaɗa na nasu, akwai mai koya wa mawaƙa taku da rawa, akwai Maxine Powell mai koya musu tafiya da zama da gaisuwa a gaban manya. Duk ranar Juma'a da safe a zauna a saurari abin da aka ɗauka cikin mako, a kaɗa ƙuri'a. Wadda ba ta ci ba, sai ta koma kabad.

A fayafayenka na Motown sunan da za ka fi cin karo da shi shi ne Holland-Dozier-Holland. Mutum uku ne: Brian Holland da Lamont Dozier suna haɗa kiɗa da kari, Eddie Holland, yayan Brian, yana sa kalmomi, yana kuma zama da mawaƙi har ya iya. Daga 1964 zuwa 1965 sun rubuta wa ƙungiyar 'yan mata ta Supremes waƙoƙi biyar a jere da kowace ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Dabararsu ba ɓoyayya ba ce: amshi ya zo da wuri, ya yi ta dawowa, ganga da tafi su riƙe kowane bugu, a kuma daidaita sautin yadda zai fito tangaram a ƙaramar rediyon mota. Abin da ya fi burge ni shi ne kalmomin na kuka ne, an yaudare ni, an bar ni, amma kiɗan yana sa ka rawa. Sai ka gama cashewa sannan ka lura ashe yarinyar nan kuka take yi.

Stax kuwa a Memphis yake, can kudu inda wariyar launin fata ta fi tsanani. Masu shi farare ne, Jim Stewart, ma'aikacin banki, da yayarsa Estelle Axton. Farkon sunayensu na ƙarshe, wato St na Stewart da Ax na Axton, aka haɗa aka sami sunan. A 1960 suka tare a wani tsohon gidan silima a unguwar baƙaƙe, suka cire kujeru, amma daɓen ya ci gaba da zama a gangare yadda yake, kuma wannan ɗakin mai karkata yana cikin abin da ya ba sautinsu kauri. Wurin sayar da alewa na silimar Estelle ta mayar da shi shagon fayafai, tana lura da abin da yaran unguwa ke saya, ta shiga ciki ta faɗa wa marubuta. Makaɗan gidan, Booker T. & the M.G.'s, baƙaƙe biyu ne da farare biyu, a garin da ba za su iya zama su ci abinci a mafi yawan wurare tare ba.

A nan ba a cika zuwa da waƙa a gama ba. A taru a ɗaki, wani ya taɓa fiyano, mai jita ya kama, masu busa su laluba abin da za su amsa da shi, a ɗauka gaba ɗaya. Shi ya sa a inda Motown za ta sa 'yan amshi da goge, Stax busa take sakawa, kuma gangar tana ɗan jan ƙafa kamar ba ta gaggawa. Marubutansu na gaba-gaba Isaac Hayes da David Porter ne. Porter a wani kantin kayan masarufi da ke tsallaken titi yake aiki, ya yi ta naci har aka ɗauke shi. Sun sha ba da labarin ranar da Hayes ya samu karin da yake nema a fiyano, Porter kuma yana bayi. Hayes ya yi ta ƙwala masa kira, shi kuma ya amsa daga ciki cewa ya dakata, yana zuwa. Wannan amsar ce ta zama "Hold On, I'm Comin'" ta Sam & Dave a 1966. A Motown da wuya a bari waƙa ta fito ta wannan hanya.

Wajen kuɗi kowane gida da nasa tabon. Holland-Dozier-Holland sun bar Motown a 1968 kan rigimar rabon riba, aka yi shekaru ana shari'a. Makaɗan da suka buga kusan duk waƙoƙin, cikinsu har da gwanin bes James Jamerson, ba a fara rubuta sunayensu a bangon faifai ba sai wajen 1971. Na Stax ya fi ciwo. Babban mawaƙinsu Otis Redding ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disamba 1967 yana da shekara 26. Bayan 'yan watanni Stewart ya gano cewa takardar da ya sa wa hannu da kamfanin Atlantic a 1965, ba tare da ya karanta ta da kyau ba, ta mallaka musu tsofaffin waƙoƙin Stax. A Afrilu 1968 aka harbe Martin Luther King a otal ɗin Lorraine, inda marubutan Stax suka saba kama ɗaki su yi aiki. Kamfanin ya sake miƙewa na ɗan lokaci, sannan ya durƙushe a 1975.

In a akwatin akwai na shekarun 1970, za ka ji abin ya sauya zuwa funk da disko. A Motown Norman Whitfield ne ya ja waƙa ta yi tsawo, bes na ta maimaita abu ɗaya. A Stax Hayes da kansa ya fito gaba, kuma kiɗan da ya yi wa fim ɗin Shaft a 1971 ya ci masa Oscar. Ka saurari ƙaramin faranti na gangar yadda yake "ci-ci-ci-ci" babu tsayawa. 'Yan disko sun ɗebi wannan sosai.

Wanne ya fi? In ƙwarewar ginin waƙa ake magana, wadda za ka ji sau ɗaya ta manne maka a ka har dare, Motown ce, ba na jayayya. Amma ni in zan zauna ni kaɗai, na Stax nake sawa, don ina jin numfashin mutanen da ke ɗakin. Ka fara da faifan Supremes ɗaya da na Sam & Dave ɗaya, ka sa su a jere. Kuma don Allah ka goge su da tsumma mai laushi kafin ka ɗora allura, ka ajiye su a tsaye cikin inuwa, don zafin nan namu yana lanƙwasa su.