Waakye, gari da wake ko indomi: me ɗalibi zai saya da ɗan kuɗinsa a Kumasi?

Ƙanina yana jami'ar KNUST a Kumasi, hostel ɗinsu na Ayeduase, ranar da ya zo gida Aboabo hutu na ga wuyansa ya yi tsawo, idonsa ya faɗa. Na ce Abdul me kake ci ne a can? Ya ce "Yaya ai ina ƙoshi, indomi da daddare, burodi da lemo da safe." Wallahi raina bai yi daɗi ba, don duk wata ina tura masa momo, kuɗin ba yawa amma ya isa ya ci abin da ya fi wannan. Shi ne muka zauna muka bi abincin ɗaya bayan ɗaya, ga yadda lissafin ya fito ko zai amfani wani.

Mu fara da indomin tunda ita ce ta kama yaranmu. Abin da take da shi sauri ne, minti biyar ka sauke, ko ka tsaya wajen mai soyawa a bakin titi ƙarfe goma na dare. Amma fulawa ce da aka soya da mai, sai wannan ɗan ƙullin magin da ke ciki wanda gishiri ya yi masa yawa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, kuma leda ɗaya ta riga ta cinye kaso babba a ciki, alhali yawancin samari biyu suke haɗawa. Ban ce haramun ce ba. In dole ne, sa rabin magin kawai, fasa ƙwai, yanka albasa da kabeji da karas, kuma kada ta zama ta kullum.

Waakye kuwa, gaskiya nan hankalina ya fi kwantawa. Namu ne ma tun asali, sunan daga wake ya fito, shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi ya ba shi wannan jan kalar. Shinkafa na ba da ƙarfi, wake na gina jiki, kuma in suka haɗu abin da ɗaya ya rasa ɗaya na cikawa, ga shi yana zama a ciki har la'asar ba ka nemi komai ba. Inda ɗalibai ke ɓata lissafi shi ne wajen ƙari. Ka tsaya gaban Hajiya mai waakye, ta buɗe tukunya tururi na tashi, ta shimfiɗa ganye a hannu tana jiranka, sai ka ji yaro ya ce a sa taliya, a sa gari, a ƙara mai, a sa wele, wato ganda. Taliya da gari duk dangin shinkafar ne, ka tara abu ɗaya sau uku. Wele daɗin tauna ne kawai, bai kai ƙwai ko kifi ba. Kuɗin nan ka ce mata "Hajiya a sa min ƙwai ɗaya da salad", ƙwai ɗaya na da wajen giram 6 na furotin, shito, wato soyayyen yajin nan, kuma kaɗan don mai ne da gishiri.

Gari da wake, wanda 'yan makaranta ke ce wa gobɛ, shi ya fi araha in aka duba yadda yake riƙe ciki. Matsalarsa manja, wasu masu sayarwa ludayi guda suke kwararawa har waken na iyo, ce musu a rage. Sannan kar a ci shi dab da shiga lakca, bacci zai ɗauke ka.

Da safe koko da ƙosai ya fi shayi da burodi nesa ba kusa ba, gero da citta da kanumfari, ƙosai kuma wake ne. Sai dai a kula da suga, mai koko in ba ka yi magana ba cokali uku za ta zuba. Ƙa'idar da ake bayarwa kada suga ya wuce kamar giram 50 a rana, gwangwanin lemo ɗaya kuma yana kai wajen 35, to ka ga wanda ya sha koko mai zaƙi ya bi da lemo da rana zai iya wucewa tun kafin magariba. Sobolo da brukina ma haka ne, suna da kyau amma na sayarwa suga ya musu yawa. Piya wata ya fi sauƙin kuɗi.

'Yan mata ku ji wannan, don ƙarancin jini ya fi kama ku saboda al'ada. Tuwon zafi da miyar ayoyo da daddawa, ko miyar kontomire (ganyen gwaza), ko ɗan hanta sau ɗaya a mako, sun fi duk wani biskit. Shayi kan hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke buƙata don yin jini, in an sha shi tare da abinci, lemon zaƙi kuma yana taimakawa, to a ba da tazara tsakanin abinci da shayi.

Wanda ke da risho ko gas a ɗaki shi ya fi kowa riba. Ranar Asabar ka hau trotro daga Tech, bakin jami'ar, zuwa kasuwar Kejetia ku biyu ko uku ku haɗa kuɗi, ku sayo olonka (gwangwanin awo) na wake, shinkafa, busasshen kifi ƙanana, gyaɗa, kiret ɗin ƙwai ku raba. Wake baya lalacewa da wuri, ƙwai na yin kwanaki ba firij, tumatir da ganye ne kawai za ku riƙa saye kaɗan-kaɗan. Shi kuwa Abdul, na haɗa masa wake da gyaɗa da kifi a jaka ranar komawa, na ce ayaba ko lemon zaƙi ɗaya kullum daga matan bakin ƙofar makaranta, kuma duk Juma'a ya turo min hoton tukunyarsa.