Wata uku ina riƙe da rakani-kashi, ga abin da na gani

Jama'a da yawa a majalisa suna tambayata wai ko sace min Android aka yi, a'a wallahi tana nan lafiyarta ƙalau a durowar shago, ni ne da kaina na je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano na sayo 'yar ƙaramar mai maɓalli, wadda muke cewa rakani-kashi, naira 9,500 bayan mun sha ciniki da yaron.

Dalili kuwa masara ce. Ƙarshen 2024 na kwashi ɗan abin da na tara na shiga kasuwar hatsi ta Dawanau na sayi buhu 40 na ajiye, da lissafin kafin damina ta yi nisa zan ci riba, sai 2025 ta zo farashin hatsi ya yi ta sauka kamar ana jansa da igiya. To daga nan na zama wani iri. Kullum bayan isha ina kwance ina bin guruf-guruf na 'yan hatsi a WhatsApp, wannan ya ce ta ƙara sauka a Giwa, wancan ya turo murya minti 6, ni kuma na buɗe kalkuleta ina buga asarar da na riga na buga jiya da shekaranjiya, lamba ɗaya take fitowa amma sai na sake bugawa. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa na mai da ita gaban goshi. Ranar da uwargida ta ce min "Baban Ummi, tuwon nan sau biyu ina ɗumama shi kana zaune a gabansa" ranar na ji kunya sosai.

To ita wayar. Layi biyu take ci, tana da tocila, tana da rediyon FM da ke kamawa ko ba ka sa iyafis ba, da safe Freedom nake kunnawa ina shan koko. Batir kuwa ba a magana, caji ɗaya yana kai ni kwana 4 har 5, a wannan hali na wutar NEPA ai wannan kaɗai ya biya kuɗinta, na manta rabona da kai waya wurin mai caji. Duba kuɗin kira *310# ne, sa kati *311#, tura kuɗi ma ina yi da lambar banki ta USSD, sai dai akwai naira 6.98 ɗin nan da ake cirewa, kuma ran da sabis ya ƙi sai ka yi ta maimaitawa.

Inda ta gaza zan faɗa tsakani da Allah. Rubuta tes azaba ne, harafin s kaɗai sai ka danna 7 sau huɗu, na koma kira kawai. Sifikarta ba ta da sirri ko kaɗan, wanda ke gefenka yana jin duk abin da ake gaya maka. Kyamarar ma da ba su wahalar da kansu sun saka ba, na ɗauki Ummi ta fito kamar hoton katin zaɓe da ruwa ya jiƙa. Babbar matsalar dai rashin WhatsApp, don ɗaurin auren ƙanwar abokina ya wuce ni tunda a guruf kawai aka sanar, sai da na je har gida ban haƙuri.

Amma abin da na saye ta dominsa ta yi shi. Satin farko hannuna shi kaɗai yake zuwa aljihu, in ciro ta in duba, ba komai sai agogo da sandunan sabis, in mayar. A hankali hannun ya gaji. Yanzu in na dawo gida ba abin latsawa, dole ka zauna da waɗanda ke gabanka, a haka na gano Ummi ta kai Sabbi a hadda ban ma sani ba, ni nake karɓar mata yanzu tsakanin magariba da isha, kuma barci na yi kafin 11. Kada wani ya ɗauka waya ce ke maganin damuwa fa, masarar na sayar da ita da asara kuma har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji, bambancin kawai yanzu babu mai tuna min da ita ƙarfe 1 na dare. Android ɗin ina buɗe ta da safe a shago awa ɗaya, in amsa kwastomomi in rufe.

In maki ne zan ba ta 4 cikin 5. Wanda sana'arsa ta rataya a kan intanet ba za ta yi masa ita kaɗai ba, sai dai ya haɗa biyu kamar yadda na yi. Kuma in za ka saya ka sa layinka ka gwada kira da rediyo a gaban mai shagon, ka ce ya ba ka caja mai kyau, sannan ka kwafe lambobinka tun a gida don sim ba ya ɗaukar suna da yawa, nawa a wajen 250 ya cika.