Na'urar GeneXpert a asibitin unguwa: ƙarfinta da iyakarta

A unguwannin birni masu cunkoso, tarin fuka na kashe mutane ne galibi saboda an makara wajen gano shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ya hallaka kusan mutum miliyan 1.25 a faɗin duniya a 2023. Wannan makarar ce GeneXpert, na'urar gano ƙwayar tarin fuka a cikin kaki ta kamfanin Cepheid na Amurka, ta zo magancewa, kuma hukumar ta amince da gwajin tun Disambar 2010.

Aikinta ba wuya. Majinyaci zai kawo kaki aƙalla mililita 1, wanda ya taso daga ƙirji, ba yawu ba. A zuba ruwan sinadarin kamfanin kashi biyu a kan kashi ɗaya na kakin, a girgiza, a bar shi minti 15 ya narke, sannan a ɗebi mililita 2 a zuba cikin katirij, wato ɗan mazubin roba da ake sakawa a na'urar. Kafin awa biyu sakamako ya fito, har da bayanin ko ƙwayar cutar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Sabon samfurin katirij mai suna Ultra na 2017 ya fi sauri, ya kuma fi kaifi. Dubawa da madubin likita na buƙatar dubban ƙwayoyi a mililita guda kafin a gani, GeneXpert kuwa ɗari da 'yan kai sun ishe ta. Shi ya sa ta fi amfanar masu HIV, waɗanda kakinsu ba ya ɗauke da ƙwayoyi da yawa.

Sai dai 'yar lele ce. Zafin ɗaki ya wuce digiri 30, gurabenta na saka katirij su fara ƙin aiki, kuma katirij ba ya son ajiyar da ta haura digiri 28. Ƙura na toshe matacin iskarta. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar gwaji, katirij ya tafi a banza, sai a sake neman kaki. Duk asibitin da zai saye ta ba tare da na'urar sanyaya ɗaki da batirin ajiyar wuta ba, to ya jinkirta. Ga kuma daidaita ta da ake yi duk shekara.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro ba na na'urar ba ne, na masu karanta sakamakon ne. Tana kama ƙwayar halittar cutar ko da ta mutu, don haka ba a bin ci gaban magani da ita. Wanda ya warke ma zai iya nuna alama. Sannan in ta ce babu, tarin fuka kaɗai take nufi. Dattijo mai shan taba, yana ramewa, yana tofar da jini, alamominsa ɗaya da na kansar huhu ko toshewar hanyoyin numfashi. Irin wannan ba a sallamarsa da maganin tari. A yi masa hoton ƙirji, a sake gwajin da kakin asuba, in tarin bai lafa ba a tura shi wurin likitan huhu.

Ga gano tarin fuka da wuri, ta cancanci kuɗinta, muddin akwai mai tattaro kaki daga ƙananan asibitoci ya kuma mayar da sakamako cikin kwana ɗaya ko biyu.